Shin "malleable" taushi take nufi? Furuci, ma'ana da yadda ake amfani da ita

Ɗalibar SS3, Rikkos: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman ƙarin haske a kan kalmar malleable. Tana fitowa a Kemistiri, tana kuma fitowa a Turanci. Yaya ake furta ta daidai? Mene ne bambancinta da ductile? Kuma da gaske ne ana iya faɗinta a kan mutum?

Malamin Turanci, Nasarawa Gwom: Wa alaikumus salam 'yata. Mu fara da baki kafin mu je ga ma'ana. Gaɓoɓinta huɗu ne: MA-li-ya-bul. Nauyin murya yana kan gaɓar farko, sauran ukun a sassauce suke. Idan kina son dabarar da ta dace da kunnen Bahaushe, ki ɗaga murya a kan MA, ki sauke ta a kan sauran, kada ki sake ɗagawa.

Kurakurai uku ne suka fi yawa a bakin ɗalibanmu. Na farko, ninka lam. Mu a Hausa baƙi biyu nauyi biyu ne, shi ya sa kala daban, kalla daban. A Turanci rubutu ne kawai, ll ɗin nan sauti ɗaya ne, don haka ba mal-li ba ne, ma-li ne. Na biyu, jan gaɓa ta biyu a ce ma-LAI-yabul, saboda an ga ta yi kama da reliable. Ba su da dangantaka. Na uku, furta ƙarshenta ebul kamar a table. A nan wasalin gajere ne ƙwarai, kusan a haɗiye shi ake yi. Wasu Amurkawa ma sukan dunƙule ta gaɓa uku, MAL-ya-bul, kuma ba laifi ba ne. Amma a jarrabawar furuci ta WAEC, idan aka jera zaɓi da manyan baƙaƙe, ki ɗauki wanda aka girmama gaɓar farko.

Sunan da aka ciro daga gare ta shi ne malleability, gaɓa shida, kuma nauyin ya tashi daga farko ya koma ta huɗu: ma-li-ya-BI-li-ti. Wannan doka ce mai faɗi: kalmar da ta ƙare da ity, nauyinta na kan gaɓar da ta zo kafin ity ɗin kai tsaye. Haka ability, haka possibility.

Mai Walda, Dilimi: Malam, ma'anar ai ba ta da wuya. Taushi ke nan. Ƙarfe mai taushi.

Injiniya, Bukuru: Maigida, a nan ne zan saɓa maka. Alli yana da taushi, farce ma yana kankare shi, amma ka ɗora masa guduma ka gani, gari zai zama. Rodin gini kuwa ba wanda zai ce yana da taushi, amma maƙeri zai mayar da shi lauje. To alli ba malleable ba ne, rodi kuwa shi ne. Sharuɗɗa uku ne a cikin kalmar: a buga abu ko a matse shi, ya sauya siffa ba tare da ya tsage ko ya farfashe ba, sannan ya zauna a sabuwar siffar. Sharaɗi na ukun shi ne ya fitar da roba. Robar tayar keke tana miƙewa, amma da ka sake ta ta koma yadda take. Wannan elastic ake ce mata. Tiyo kuma da ke lanƙwasuwa ko ta ina, flexible ne.

Malamin Turanci, Nasarawa Gwom: Asalin kalmar yana goyon bayan Injiniya. Daga Latin take, malleus, wato guduma, ta biyo ta Faransanci ta shigo Turanci a wajen ƙarshen ƙarni na 14. 'Yan uwanta su ne mallet, gudumar katako ta kafinta, da malleus ɗin da 'yan Bayoloji ke haddacewa, ɗaya daga ƙananan ƙasusuwa uku na tsakiyar kunne, wanda aka sa wa sunan saboda siffarsa ta guduma. Wanda ya riƙe mallet ba zai ɓata rubutun ba: l biyu, sannan e kafin able. Maleable da malliable duk kuskure ne.

Hausa kuma ba ta rasa hanyar faɗin wannan ba. Abin da Bature ke yi da able, mu da ɗafin -uwa muke yinsa a ƙarshen aikatau: tuwo yana ciyuwa, mota tana gyaruwa, ƙarfe yana ƙeruwa. Ni "mai ƙeruwa" na fi so idan ƙarfe ake magana, "mai sarrafuwa" idan abin ya fi haka faɗi.

Baba Maƙeri, Dilimi: Malam ya yi daidai, mu ma haka muke cewa: wannan yana ƙeruwa, wancan ba ya ƙeruwa. Sai dai ku sani, 'yata, ƙeruwar ba tsayayyen hali ba ne. Ƙarfe ɗaya yakan ƙeru yanzu, anjima ya ƙi. Ɗauki jan ƙarfe, irin na cikin wayar wuta. A sanyinsa ake bugunsa, yana bajewa lafiya. Ana cikin bugu sai a ji masaba ta fara tsalle, ƙarar ta sauya, ta koma siririya. Ya taurare ke nan. Wanda ya ci gaba da bugu a haka zai ga gefe ya fara tsattsagewa. Maganinsa a mayar da shi wuta har ya yi ja mai duhu, ba ja mai haske ba, a cire a tsoma a ruwa ko a bar shi ya huce, duk ɗaya ne. Sai ya dawo kamar ba a taɓa bugunsa ba.

Baƙin ƙarfe mai ƙarfi, irin sifirin mota da ake yin adda da gatari da shi, akasin haka ne. Idan ka tsoma shi a ruwa yana ja, tauri zai yi, har ya iya karyewa idan ya faɗi a kan uwar maƙera. Mai son ya yi laushi sai ya binne shi cikin toka mai zafi ya kwana, ya huce a hankali. Bugunsa kuwa sai yana tsakanin ruwan lemo da ruwan ɗorawa. Da ya sauko ya yi ja mai duhu a daina, a mayar wuta a ja zugazugi. Idan kuma ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone, wurin nan sai dai a yanke a yar.

Injiniya, Bukuru: Allah ya ƙara girma Baba. Launukan bugun nan da ya lissafa, ruwan lemo zuwa ruwan ɗorawa, a ma'aunin Celsius kusan digiri 900 zuwa 1,200 ne. Taurin da bugu ke jawowa shi ake kira work hardening a littattafai, mayarwa wuta don ya sassauta kuma annealing. Ga mai aikin sanholo, wato alminiyom, akwai tarko: yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya nuna ja ba, sai dai kawai ka ga ya zube. Dabarar ita ce a goga masa sabulu, a riƙa zagaya shi da wuta, da sabulun ya yi baƙi a janye. Ya kai wajen digiri 400 ke nan, ya isa.

Ɗalibar SS3, Rikkos: Na gode Baba, na gode Injiniya. To me ya sa ƙarfe ke bajewa, gishiri kuma ya farfashe, alhali duka an ce ƙwayoyinsu a jere suke?

Malamar Kemistiri, Anguwan Rogo: Tambayar da ta dace ke nan. A cikin ƙarfe, ƙwayoyin zarra suna jere ne sahu-sahu, kuma ilektron ɗin da ke riƙe da su ba na kowa ba ne shi kaɗai, yawo suke tsakanin duka. Idan guduma ta sauka, sahu ɗaya ya zame a kan ɗaya, kamar tabarmin da aka jibga aka tura na sama, kuma duk inda ya tsaya ilektron suna nan suna riƙe da shi. A gishiri kuwa ƙwaya mai caji tabbatacce tana maƙwabtaka da mai caji korarre, a jere bi da bi. Da sahu ya gusa taki ɗaya, sai masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, su ture juna, gishirin ya tsage. Kalmar da ake ba irin wannan ita ce brittle, ita ce kishiyar malleable da za ki rubuta idan an tambaye ki.

Bambancinta da ductile kuwa a alkiblar ƙarfin yake. Malleable na bugu da matsi ne, sakamakonsa falle. Ductile na ja ne, sakamakonsa waya. A takardar amsa ki rubuta "can be beaten into thin sheets" ga ta farko, "can be drawn into wires" ga ta biyu. Masu maki kalmomin sheets da wires suke nema, kuma wanda ya musanya su ya rasa makin duka biyu.

Yawancin ƙarafa suna da halin biyu tare, shi ya sa ake ruɗewa. Misalin da ke raba gardama shi ne dalma, ta gaske mai nauyi ta cikin batirin mota, ba wadda mata ke kiran tukunyar sanholo da sunanta ba. Dalma tana bajewa da bugu cikin sauƙi, amma idan aka ja ta za a yi siririyar waya sai ta tsinke. Kuma kada wani ya ce zai gwada a gida. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, sanadin niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje.

Mai Zinari, Terminus: Tunda an taɓo zinari, shi ne sarkin wannan hali. Giram 1 ana iya baje shi ya rufe kusan murabba'in mita 1, har haske ya riƙa ratsa shi. Wannan ƙeruwar ce kuma ta sa tsantsarsa, karat 24, ba ta yin zoben yau da kullum: zai lotse, ya goge, ya saki dutsen da aka ɗora masa. Sai an gauraya da jan ƙarfe da azurfa. Karat 22 kashi 91.6 cikin 100 ne zinari, karat 21 kashi 87.5, karat 18 kashi 75. Gwargwadon sauka, gwargwadon tauri.

Abu biyu ke ɓata aiki a wurin murza shi a inji. Ɗaya, gaggawa: idan kaurin ya ragu da kusan rabi ba a mayar da shi wuta ba, gefe zai tsage. Biyu, ƙazanta: ɗan ƙwayar dalma kaɗan, ko ragowar dalmar liƙi da ta maƙale a tsohon ɗan kunne, ta isa ta sa duk narkin ya riƙa karyewa. Shi ya sa ba a haɗa kaskon narka zinari da na wani ƙarfe.

Ga masu sayen ɗanye kuma, gwajin farko shi ne wannan kalma da kuke tattaunawa. Akwai dutse mai ƙyalli ruwan zinari da ake kira fairait. A ɗora ƙwaya a kan ƙarfe a buga: zinari zai baje ya yi falle, fairait zai tarwatse ya zama gari mai duhu.

Mai Walda, Dilimi: Na karɓi gyara a kan taushi. Amma Injiniya, ga inda kalmar ta ɗaure mini kai. A kan wasu kayan haɗa bututun ruwa, gwiwa da soket, akan rubuta malleable iron. Ai kas ne, ƙarfen zubi. Kas kuwa kowa ya san idan ka buga shi fashewa yake, kamar bulok ɗin inji.

Injiniya, Bukuru: Kas ne, amma an yi masa magani. Ƙarfen zubi yana ɗauke da kabon kashi 2 zuwa 4 cikin 100, rodi kuwa bai kai kashi 1 ba. A kas na yau da kullum, mai ruwan toka idan ya karye, kabon ɗin yana zaune ne falle-falle masu kaifin baki, kowane falle tamkar tsaga ce da ke jiran bugu. Don a yi malleable iron, sai a zuba farin kas, sannan a gasa shi a tanderu a wajen digiri 900 zuwa 950 na dogon lokaci, a sauke zafin a hankali. Kabon ɗin sai ya dunƙule ya zama ƙulli-ƙulli, ba baki mai kaifi. Sakamakon shi ne gwiwar bututu za ta jure ɗauri da sifana, ta ɗan ba da kai kafin ta karye. Wani masani Bafaranshe, Réaumur, ya yi bayanin hanyar tun 1722.

Amma sunan ya fi aikin girma. Ba a kai shi maƙera a baje shi. Kuma idan ka yi masa walda ta narkewa, wurin da ya narke ya huce da sauri zai koma farin kas mai karyewa. Liƙi da tagulla ya fi masa, domin zafinsa bai kai ya rushe maganin ba.

Malamin Turanci, Nasarawa Gwom: Kafin injiniyoyi su ƙwace kalmar gaba ɗaya, a Turancin yau da kullum ta fi haka faɗi. Bature zai ce yumɓu malleable ne, haka kakin zuma da ya ji ɗumi, haka kwaɓin fulawa. Ba guduma a nan, hannu ne kawai.

Injiniya, Bukuru: Malam, wannan sakaci ne na masu magana. Yumɓu plastic ake ce masa a fannin, wato mai karɓar siffa. Idan ɗaliba ta rubuta yumɓu a matsayin misali, za a soke.

Malamar Kemistiri, Anguwan Rogo: Ku biyun kuna da gaskiya, kowa a ajinsa. A takardar Kemistiri misalinta ya zama zinari, azurfa, jan ƙarfe ko alminiyom. A insha'in Turanci ta rubuta "The clay is still malleable" ba wanda zai taɓa ta, ƙamus ma ya yarda. Injiniya, ba sakaci ba ne, kalma ce ta fita daga maƙera ta shiga gari. Abin da zan ƙara shi ne kada a haddace "duk ƙarafa malleable ne" a matsayin doka marar togiya. Zaiba ruwa ce a zafin ɗaki. Bismut da antimoni farfashewa suke. Zink kuma a sanyi yana da saurin karyewa, tsakanin digiri 100 da 150 ya ƙeru, idan ya wuce 200 da kaɗan ya sake komawa mai karyewa.

Tsohon Ma'aikacin Kuza, Barikin Ladi: Ku 'yan Jos kun zagaya duniya kun bar na gida. Kuza fa? A Hausa suna ɗaya muke ba abu biyu, kuma a wannan magana sun saɓa. Baƙin yashin da ake wankewa a kududdufan Bukuru da Barikin Ladi, kasitarait, dutse ne mai tauri, bugu farfasa shi yake. Sai an narka shi da gawayi, an raba shi da iskar oksijin, sannan farin ƙarfen ya fito, irin aikin da masana'antar narka kuza ta Makeri ta yi shekara da shekaru. Shi wannan farin yana ƙeruwa sosai, yana narkewa a digiri 232 kacal, kuma kafin alminiyom ya karɓe kasuwa da shi ake yin fallen naɗe kaya. Idan ka lanƙwasa sandarsa kusa da kunne za ka ji tana ƙara ƙas-ƙas, ƙwayoyin ciki ne ke gocewa.

Wani abin mamaki: ƙasa da digiri 13, tsantsar kuza tana iya rikiɗa a hankali ta zama toka-toka mai rugurgujewa. Sanyin Disamba da Janairu a Filato yakan sauka ƙasa da haka da dare, amma kada kowa ya tsorata, rikiɗar tana son sanyi mai tsanani na dogon lokaci, kuma ɗan gaurayen antimoni ko bismut yana hana ta.

Ɗalibar SS3, Rikkos: Allah ya saka da alheri Baba. Saura ta ƙarshe, faɗinta a kan mutum. Yabo ne ko zagi?

Malamin Turanci, Nasarawa Gwom: Ya danganta da wanda aka faɗa wa. A kan yaro ba zagi ba ne. "Young minds are malleable" daidai yake da abin da iyayenmu ke nufi da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kan babba kuwa, musamman mai riƙe da muƙami, suka ce. Idan jarida ta rubuta "They wanted a malleable chairman", tana nufin sun nemi shugaban da za su riƙa juyawa, raƙumi da akala. Don haka kada ki kuskura ki rubuta "I am malleable" a takardar neman aiki da nufin kina da sauƙin kai. A can flexible ko adaptable ake so: su suna nuna ke ce ke daidaita kanki da yanayi, malleable kuwa tana nuna wani ne ke riƙe da gudumar.

Ki kuma raba ta da maƙwabtanta. Gullible shi ne mai saurin yarda da ƙarya. Obedient mai biyayya ne, yana iya bin umarni ra'ayinsa na nan daram. Malleable ra'ayin nasa ne da halinsa ake sauyawa. Pliable ita ce mafi kusa, sau da yawa suna musanya. Ana kuma faɗinta a kan abin da ba mutum ba: masana halayyar ɗan Adam sukan ce "Memory is malleable", wato abin da mutum ke tunawa yana iya sauyawa gwargwadon yadda aka yi masa tambaya ko abin da ya ji daga baya.

Ta fuskar nahawu sifa ce. Ana cewa more malleable da most malleable, ba a liƙa mata er ko est. Highly da easily suna shiga gabanta lafiya. Kada ki ƙirƙiro mata aikatau ki ce za ki malleable ɗin abu, ki yi amfani da shape, hammer ko mould.

Mai Walda, Dilimi: To kwanon rufi fa, Malama? Kin ce zink yana karyewa a sanyi, ga shi muna lanƙwasa kwano kullum ba ya karyewa.

Malamar Kemistiri, Anguwan Rogo: Sunan ne ya ruɗe ka, maigida. Kwanon da ake kira zink fallen baƙin ƙarfe ne marar yawan kabon, aka tsoma shi a narkakken zink don kada ya yi tsatsa. Abin da ke lanƙwasuwa ƙarfen ciki ne, zink ɗin shafe ne siriri a bayansa. Idan ka karya kwanon da kaifi sosai, ka duba bakin lanƙwasar, wani lokaci za ka ga shafen ya tsattsage, kuma daga nan tsatsa ke farawa. In za ka yi masa walda, ka kankare shafen tukuna kuma ka yi a fili, domin farin hayaƙin zink yana sa zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i.